Haruna A-jira da Gidan Simintin Mushe Maman

Haruna ɗan kawuna ne, ni kuwa ɗiyar gwaggonsa. Taubasai muke, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini, wanda ya ji haushi ya je ya tambayi tsofaffinsa. Allah ya jiƙansa, gajere ne, mai ɗan ƙaramin kai da kunnuwa faka-faka, kuma ranar da aka yi rabon hanzari bai halarta ba. In ya zauna cin tuwo, kafin ya kai loma ta uku miya ta huce ta yi fata. Ban taɓa haɗuwa da shi mun rabu ban ce wani abu game da kunnuwan nan ba.

Daga wani ƙauye na Adar ya zo Yamai, shekara uku bayan tafiyar Nasara. Kawu magini ne, irin masu ɗora soro da azara da laka, Haruna ya yi shekara goma yana cuɗa masa ƙasa yana miƙa tubali. Sana'ar ba ta karɓe shi ba, don tsoron tsani yake. Da ya taka mataki huɗu sai ya maƙale, sai an hau an sauko da shi. Da ya zo birni wani ɗan garinmu ya sama masa aikin palanto a wani biro, ofishin gwamnati a unguwar Filato, wato mai zama bakin ƙofar shugaba, ya kai takarda, ya kawo takarda, ya tare baƙi. Aka ba shi kaki, aka ba shi benci. Nan taubashina ya gano abin da aka haife shi dominsa.

"A jira."

Shekara ashirin da biyu yana faɗin wannan, har ta zama sunansa. Kuma iri-iri gare shi. In Alhaji ne mai babbar riga, sai ya miƙe ya share masa benci da hula: "A ɗan jira, Alhaji, patoro yana reniyo," wato shugaba na cikin taro. In talaka ne daga ƙauye, ko baki ba ya buɗewa, da haɓa yake nuna masa wurin zama. Ranar da matarsa ta haifi ɗansu na fari ni aka aika in gaya masa. Na iso ina haki, na buɗe baki, sai ya ɗaga mini hannu: "A jira, Asma'u, in kai wannan takarda." Wallahi sai da na zauna bisa bencin nan tsakanin wani makiyayi da wata tsohuwa, da albishir a bakina, har ya je ya dawo.

Da soja suka karɓi mulki sai tsoro ya sami gidan zama a cikin Haruna. Zamanin nan ma'aikaci bai san ranar da za a faɗo masa biro ba, a iske kujerarsa ba kowa, gobe ya ji sunansa a rediyo an kore shi. Haruna kan iso aiki awa guda kafin mai mabuɗi. In lokacin labarai ya yi sai ya cire hula ya kanga kunne ga rediyo, kai ka ce gwamnati ba ta da wata damuwa sai palanto ɗan Adar. Na taɓa ganinsa da idona yana sara wa motar soja da ba kowa a ciki. Na ce, "Kai A-jira, wa kake gaisarwa?" Ya ce, "Ba ki san wanda ke kallo ta taga ba."

Abin da yake lallaɓawa ɗaya ne. Saura masa wata bakwai ya kai retret, wato ritaya, ya aje kaki da mutunci, gwamnati ta riƙa ba shi ɗan abin ciyar da 'ya'ya shida har ƙarshen ransa. Ba shi da gona, ba shi da sana'a, ba shi da ko akuya. In ya rasa wannan ya rasa komai, shi ya sa ko ƙuda ne ya sauka bisa tebur ɗin shugaba sai ya kore shi da ladabi.

Shugaban nasa shi ne Mushe Maman, mutumin Maraɗi, mushe kuwa malam ke nan a bakin Faransawa. Ya yi shekara biyu a Faransa, ya dawo da karabat, ɗaurin wuyan nan na Turawa, ko zafi na narka kwalta ba ya kwance ta. Mijina Sumana shi ne direban biron, saboda haka abin da ban ji daga taubashi ba ina ji daga maigida. Mushe Maman ya gina gida a bakin unguwar Bukoki, layi biyu daga namu, fari fat, da baranda da ƙofar ƙarfe. Ba baƙon da zai taka gidan nan bai ji labari ba: "Siminti ne tun daga ƙasa har sama. Rufin nan kankare ne, ko jirgi ya sauka bisansa." Yana faɗa yana ƙwanƙwasa bango da zobe.

To, laka ce. Bango laka, rufi azara da zana da laka mai kauri, irin na kakanninmu. An dai shafe waje da siminti, an shafe saman rufi da siminti, daga ciki an kafa farin katako an ɓoye azarar. An yi aikin ne a bayan katanga tun unguwar ba ta cika ba, maginan kuma 'yan cin rani ne, sun koma garinsu. Wanda ya rage da sanin sirrin shi ne wanda ya yi wata shida, kowace Lahadi, yana rakiyar amalanken azara daga kasuwar Katako ba ko na goro. Haruna ke nan. Shekara huɗu bai gaya wa kowa ba, ko ni da nake tatsar magana daga bakinsa.

Sai damanar tamanin da huɗu ta ƙi. Wanda ya ga bazarar da ta biyo baya ba ya son a tuna masa. Shekarar ce kogin Isa da ya ratsa Yamai ya janye har ana taka cikinsa da ƙafa. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Yamai, kowa na neman ɗan'uwansa mai albashi. Mushe Maman ya sami nasa rabo, mutum kusan talatin, da tsofaffi da mata da goyo. Gaskiya dai gaskiya ce, bai kore su ba. Ya bar su suka kafa rumfunan zana a tsakar gida jingine da bango, ya tanadi buhun hatsi goma sha biyu a ɗakin ƙurya. Kowace safiya matarsa Madam Hawwa ke buɗe kwaɗo ta auna, ta rufe, ta ɗaure mabuɗi a bakin zane.

Wata Talata da hantsi ya dubi ludayi, wata daga cikin baƙin na dama kunu, guguwa ta taso ta ɗauki garwashi ta liƙa wa zana. Kafin a ce kwabo rumfuna sun kama. Ina cikin wanki na ji kururuwa, na sheƙo da kumfa a hannu. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ƙone. Amma wuta ta lasa ta tagogin gida ta shiga, hayaƙi ya yi ta fita ta kowace kafa. Pompiye masu kashe gobara suka zo da tanki guda, a shekarar da ruwa ya fi man fetur tsada, suka juye shi kaf bisa rufi da bango. Wajen ƙarfe ɗaya harshen wuta ya kwanta. Babbansu ya dubi gidan daga waje, ya ce ai gidan siminti ne, ba abin da zai same shi. Suka naɗe tiyo suka tafi.

Lokacin ne Sumana ya iso da mota, Mushe Maman a baya, Haruna a gaba riƙe da jakar shugaba bisa cinya. Bayansu kaɗan wani ajidan, jami'in jandarma, ya zo rubuta abin da ya faru, dogo, da baƙin tabarau.

Ba wanda ke maganar kujeru ko tufafi. Hatsi kawai. Mata na kuka suna nuna ɗakin ƙurya, Madam Hawwa na ta jujjuya mabuɗi a hannu. Mushe Maman ya gyara karabat ya ce, "Sumana, shiga ka fito da buhunan nan. Labo, taimaka masa." Labo ɗan baffan Mushe Maman ne daga cikin baƙin, magidanci mai furfura a gemu, yunwa ta rame shi amma da sauran ƙashi. Mijina kuwa irin mutanen nan ne da in an ce su ɗauki mota a ka sai su tambaya ina za a aje. Ya tuɓe riga ya miƙa mini.

Duk wannan ana yi, A-jira na can yana zagaya gida a hankali kamar mai neman allura. Na gan shi ya je wurin kwantar, mitar wuta, ya zare abin da ke ba gidan wutar lantarki, don akwai waya da ta tsinke tana lilo bisa ruwan da ya kwanta a falo. Na gan shi ya ɗora tafin hannu a bangon da ke cikin inuwa, ya janye da sauri. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon indararo. Ya zo ya taɓa ƙofar ƙarfe, ya tura, ta ƙi motsi sai da ta kankari ƙasa. Daga nan ya tafi bakin titi, ya ɗauko bencin mai shayi, ya jawo shi ƙiiii har bakin ƙofa, ya gicciye, ya zauna a tsakiya.

Sumana da Labo suka iso. Ya ɗaga musu hannu.

"A jira."

Wallahi dariya ta kuɓuce mini, cikin wannan masifa. Na ce, "Kai taubashi, nan ba biro ba ne!"

Mushe Maman bai yi dariya ba. "Haruna, ka haukace? Tashi daga nan."

Haruna ya miƙe, ya cire hula, ya matsa kusa da kunnensa ya yi raɗa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga fuskar shugaba ta canja. Ya waiga ya dubi jama'a, unguwa duk ta taru, har da mutanen da ya sha ƙwanƙwasa wa bango da zobe. Sai ya ɗaga murya: "Rufin kankare ne! Me zai sami kankare? Ku shiga, na ce!"

Haruna ya koma ya zauna.

Ajidan ya tako a hankali. "Kai wane ne?"

"Palanto ne, monajidan."

"Palanto ke hana mai gida shiga gidansa?"

Na ga taubashina ya dubi shugabansa, ya dubi Sumana da ke tsaye ba riga. Na san abin da yake aunawa, wata bakwai ne a hannu guda. Sai ya buɗe baki, da muryar nan tasa ta kiran mai bi a layi, wadda ake ji har ƙarshen baranda:

"Monajidan, gidan nan laka ne. Rufin azara ne, ni na rako ta daga Katako. Wuta ta shiga tsakanin katako da rufi, tana cin azara daga ciki, ba a ganinta. Taɓa bangon can, a inuwa yake amma ya fi na rana zafi. Dubi indararo, ga zaren hayaƙi na fita. Ƙofar nan jiya da yatsa ake tura ta, yau tana kankarar ƙasa, sama ne ya fara zama bisanta. Ga tanki guda na ruwa da laka ta shanye, nauyinta ya ninka. Ko ƙadangare babu bisa bangon nan, duba ka gani. Ƙanen ubana haka ya shiga soro bayan gobara ɗauko buta, da magirbi muka tono shi. Gidan da ya ci wuta ba a shigarsa ranar. A jira ya huce, a sa doguwar gora a zunguri rufin daga waje, sannan a san abin yi."

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Af! Ashe laka ce?" Maganar ta bi layi kamar an watsa wa kaji tsaba. Mushe Maman ya tsaya da karabat ɗinsa, zufa na bin ta.

Ajidan ya je ya taɓa bango, ya janye hannu. Ba tausayin kowa ya ji ba. Shi ma aikinsa ne ya shiga ya duba, kuma bai shirya mutuwa don hatsin wani ba. Ban da haka, soja na zamanin nan ba abin da ke musu daɗi irin su ga farar hula mai karabat ya ji kunya. Ya yi murmushi ya ce, "To, palanto. Na ba ka zuwa la'asar. In ya faɗi, ka yi gaskiya. In bai faɗi ba, za ka bi ni ka yi mini bayanin yadda aka yi ka ba jami'i umurni."

Nan fa aka ga gwani a fagensa. Haruna ya kori yara zuwa ƙetaren titi. Ya ja layi da ƙafa a ƙasa, nesa da bango fiye da tsawon bangon, ya ce kada wanda ya ƙetare. Ya samo wa ajidan kujera a inuwar itacen bedi, ya sa aka kawo masa shayi. Wata mata ta lallaɓo ta baya za ta shiga ta taga ɗauko tukunyarta, ya hango ta ba tare da ya juya kai ba, kunnuwan nan dai sun yi ranarsu. Mutum sama da ɗari ya zaunar a rana, cikinsu har da wanda ke sa hannu a takardar albashinsa.

Ƙarfe biyu, gida na tsaye. Ƙarfe uku, gida na tsaye, fari fat, ko ƙura bai zubar ba. Mutane suka fara gunaguni. Labo ya ce da tuni an kwashe buhunan an gama. Ni kaina sai da na je na raɗa masa, "Taubashi, ka tabbata?" Ya ce, "Na tabbata zai faɗi. Yaushe ne ban sani ba."

Ladan ya kira la'asar. Ajidan ya dubi agogo, ya miƙe, ya yafuto shi da yatsa. Haruna ya sa hularsa, ya aje jakar shugaba bisa benci da hannu biyu, ya bi shi. Da suka isa motar jandarma ya sara mata, wannan karon da mutum a ciki.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba Mushe Maman ya ce, "To, an gama wasa. Sumana!" Mijina ya dube ni. Ban san lokacin da na ƙetare layin nan ba, sai ganina na yi zaune bisa benci da rigarsa a hannu. Na ce, "Mushe, gidanka ne, kankarenka ne. Shiga gaba, maigidana na bayanka." Ya ce ba ya magana da mata. Na ce ai ba magana na ce ya yi ba. Muka yi ta ja, shi yana Faransanci ni ina Adaranci, bai shiga ba kuma ban tashi ba.

Wajen ƙarfe biyar muka ji ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Sumana ya fizge ni daga benci. Rufin ya zauna gaba ɗaya, daga ɗakin ƙurya har falo, bangon gaba ya biyo shi ya danne bencin mai shayi. Da ƙura ta lafa sai ga azara baƙi ƙirin, cikinta jajawur, wuta ta tashi sabuwa bisa hatsi. Ruwa kuma babu.

Kuna tsammani an gode masa? Ku ji mutane. Awa huɗu, in ji su. Awa huɗu gidan na tsaye, buhu goma sha biyu kuwa aikin rabin awa ne ga maza biyu. Da palanto bai kawo iyayinsa ba da an ci tuwo. Bayan kwana uku aka tono abin da ya saura, rabi gawayi rabi laka, har lokacin da ɗumi. Baƙin Mushe Maman aka kwashe su zuwa sansanin 'yan gudun yunwa a bayan gari. Wata tsohuwa a cikinsu, duk inda ta ga Haruna sai ta tofar da miyau. Ban iya zaginta ba, jikoki gare ta kuma na ga yadda wuyansu ya rame. Amma na sha gaya wa masu lissafin awa huɗu cewa mijina ɗaya ne, kuma ba wanda ya nuna mini takardar da rufin ya sa hannu cewa sai biyar zai faɗi.

Kwana uku Haruna ya yi a hannun jandarma, don ajidan ya tafi rangadi ya manta da shi. Da ya fito ya wanke kaki, ya isa biro awa guda kafin mai mabuɗi. Takarda na jiransa: ya bar wurin aiki kwana uku ba izini, an sallame shi. Mushe Maman ne ya sa hannu. Ba a ambaci laka ba, ba a ambaci azara ba. Shekara goma sha ɗaya yana kanga kunne ga rediyo don kada ya ji sunansa, ashe ko wannan darajar palanto bai kai ba.

Ya yi ta zarya Filato neman a dubi shekarunsa ashirin da biyu. Wata rana na ce zan raka shi, don in shi ba ya iya faɗa ni na iya. Muka hau bene muka iso ƙofar shugaba. Wa zan gani cikin kaki, hannun riga ya yi masa gajere? Labo. Mushe Maman ya sama wa ɗan baffansa aiki. Ya dube mu, ya kau da kai, ya nuna benci da haɓa.

"A jira. Patoro yana reniyo."

Jinina ya hau. Na gyara ɗaurin zane, na buɗe baki zan tuna masa inda gemunsa zai kasance yau da an bar shi ya shiga ɗakin ƙurya. Haruna ya riƙe mini gefen mayafi ya zaunar da ni.

"Bar shi, Asma'u," ya ce a hankali. "Da na bar shi ya shiga ran nan, wa zai ce mini in jira?"

Na nemi abin da zan ce game da kunnuwansa, na rasa. Muka zauna har aka tashi daga aiki, ba a kira mu ba.